Likita na tudu, mara lafiya na tsakiyar teku

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan ba mu fili a shafin wasiƙu mu yi magana a kan wasu bayin Allah da ba a cika tunawa da su ba in ana zancen lafiyar ƙwaƙwalwa, wato sojojin ruwa, da dakarun tsaron gaɓar teku, da ma'aikatan jiragen dakon kaya. Duk sanda aka ji wani daga cikinsu ya kashe kansa, ko ya birkice ana tsakiyar tafiya, maganar da hukumomi ke fara yi ita ce za a ƙara ɗaukar likitoci. Ba mu ƙi ba. Sai dai likitan yana asibiti a tudu, mara lafiyan kuwa yana cikin ƙarfe a kan ruwa, tsakaninsa da tasha mafi kusa tafiyar kwana biyar ko goma. Ko zai samu taimako ko ba zai samu ba, a cikin jirgin ake yanke wannan: wa zai fara gaya wa, me za a rubuta a fayil ɗinsa, awa nawa yake barci, kuma in ya warke ko za a bar shi ya koma bakin aikinsa.

A fara da sanin wa ke cikin jirgin. Babban jirgin yaƙin Amurka mai dakon jiragen sama kan ɗauki mutum wajen 5,000, kuma tun ƙarshen shekarun 1990 ake sa masa ƙwararre a kan halayyar ɗan Adam. Wannan shi ne ɗan gata. Matsakaicin jirgin yaƙi mai mutum 300, ko jirgin ƙarƙashin ruwa mai mutum ɗari da 'yan kai, yawanci ba shi da likita, sai malamin asibiti soja da aka ƙara wa horo don ya iya aiki shi kaɗai. A ɓangaren jiragen kasuwa, yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ba ta wajabta ɗaukar likita ba sai jirgi na ɗauke da mutum 100 ko fiye a tafiyar ƙasa da ƙasa da ta wuce kwana uku. Jirgin kwantena mai ma'aikata 20 ko 25 bai shiga lissafin ba. Ɗaya daga cikin hafsoshinsa ne ke riƙe da makullin akwatin magani, bayan kwas na 'yan kwanaki. Ga shi kuma ciwon ba kaɗan ba ne: binciken da Jami'ar Yale ta fitar a 2019 a kan ma'aikatan jiragen kasuwa sama da 1,500 ya nuna ɗaya cikin huɗu na da alamun ciwon damuwa, kashi 17 cikin ɗari na da alamun ciwon fargaba, ɗaya cikin biyar kuma ya ce tunanin kashe kansa ya zo masa a makonni biyun da suka wuce kafin a tambaye shi. Ashe ko an so ko an ƙi, malamin asibitin nan, ko hafsan mai makulli, shi ne likitan ƙwaƙwalwar jirgin.

To, me ya sa ba a zuwa wurinsa? Jirgi wuri ne da ba a ɓoye komai. Ɗakin shan magani yana bakin hanyar da kowa ke bi, wanda ya shiga ya ɗan daɗe, kafin ya fito labari ya isa ɗakin inji. Ƙaramin soja kuma ya san abin da yake tsoro, kuma ba tsoron banza ba ne: a karɓe masa bindiga, a sauke shi daga jirgi ya rasa alawus ɗin teku, a tsallake sunansa lokacin ƙarin girma. Akwai na huɗu da manya ba su cika lura da shi ba. In aka cire mutum ɗaya daga rukunin gadi mai mutum uku, sauran biyun ne za su raba awanninsa, kuma shi ya san haka. Sai ya daure don kada ya ɗora wa abokansa nauyi. Lacca a kan daina ƙyamar masu ciwon ƙwaƙwalwa ba ta kawar da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sojoji suna kallon abin da ya faru da wanda ya nemi taimako kafin su, gani ga wane kuwa ya ishi wane tsoron Allah.

Amurka ta gwada gyara wannan da doka. A watan Yunin 2018 wani matashin sojan ruwa mai shekara 21, Brandon Caserta, ya kashe kansa a sansanin Norfolk. Iyayensa suka dage har aka sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunansa a Disambar 2021, aka fara aiki da ita a 2023. Dokar ta ce in soja ya gaya wa na gaba da shi cewa yana son ganin ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, dole a tura shi, kuma ba sai ya faɗi dalili ba. Doka ce mai kyau, ya kamata kowace rundunar ruwa ta samu irinta. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin sau da yawa na gaban nan shi ne tushen damuwar. Dole a samu ƙofar da ba ta bi ta ofishinsa ba. Aƙalla uku: malamin asibiti kai tsaye, a lokacin da aka ware wanda ba sai an nemi izini ba; limami ko faston runduna, wanda a rundunar ruwan Amurka duk abin da aka gaya masa sirri ne da ko kwamanda ba shi da ikon tambaya; da layin waya na waje da ba na hukumar ba, irin SeafarerHelp da ISWAN, ƙungiyar kula da jin daɗin ma'aikatan teku, ke gudanarwa kyauta, dare da rana, cikin harsuna da dama. Shi malamin addinin a horar da shi ya gane inda nasiha ta tsaya, ya kama hannun mutum ya raka shi ɗakin magani.

Batun sirri kuwa a rubuta shi, a manna a ƙofar ɗakin magani. Ƙa'idar ma'aikatar tsaron Amurka ta 2011 ta ɗauka cewa asali ba a sanar da kwamanda, sai a wasu halaye da aka lissafa: in mutum zai iya cutar da kansa, ko wani, ko aikin da aka fito yi, ko an kwantar da shi asibiti, ko yana riƙe da aiki na musamman irin na makaman nukiliya. Mu a ganinmu, ko an sanar, abu biyu ne suka shafi kwamanda: wane aiki mutumin ba zai yi ba, kuma har zuwa yaushe. Abin da ya faɗa game da aurensa ko bashinsa ya tsaya a ɗakin da ya faɗe shi. Malamin asibiti ya karanta wa mara lafiya waɗannan iyakoki kafin ya buɗe baki. In ya yi masa alkawarin sirri ɗari bisa ɗari sannan ya kai rahoto, ya rufe ƙofar ga jirgin gaba ɗaya har ƙarshen tafiya.

Yanzu ga mutum ya zo. Da wuya ya ce yana cikin damuwa. Zai ce ciwon kai, ko ƙirjinsa na zafi, ko cikinsa ya ƙi daidaita, ko ba ya iya barci. Shi ya sa ya kamata tambayoyin ƙwaƙwalwa su shiga kowace ganawa, ko da ciwon haƙori ne ya kawo shi, don kada yin su ya zama alama. Kayan aikin ba tsada. Takardar auna ciwon damuwa, PHQ-9, tambaya tara ce a kan makonni biyun da suka wuce, maki daga 0 zuwa 27. 10 zuwa sama na nufin a zauna a bincika da kyau, 20 zuwa sama abin ya yi tsanani. Ta fargaba, GAD-7, tambaya bakwai ce, maki har 21, ita ma 10 ce iyakar. Tambaya ta tara a PHQ-9 a kan tunanin mutuwa take, kuma duk amsar da ba sifili ba sai an bi ta nan take, komai ƙanƙantar jimillar makin. Inda ake kuskure shi ne a tara mutum 300 a zaure ɗaya gab da tashi, a raba musu takardar da sunansu a kai, a ce an tantance. Binciken da aka buga a 2011 a kan sojojin Amurka da suka dawo daga fagen yaƙi ya nuna masu amsa cewa suna da matsala sun ninka sau biyu zuwa huɗu in ba a sa suna ba. Takarda mai suna a gaban sajan, lafiya lau kowa ke rubutawa.

Kafin a ce wa kowa taɓin hankali, a auna jikinsa. Wannan mataki ne da tsallake shi ke kisa. Wanda ya fito daga ɗakin inji yana sambatu, watakila zafi ne ya buge shi, ko ya shaƙi iska mai guba. Wanda ya ruɗe mako ɗaya ko biyu bayan barin tashar da ke da sauro, a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro kafin komai. A auna zafin jiki, da sukarin jini, da bugun zuciya, a duba kai ko ya bugu. A tambayi magungunan da yake sha: maganin rigakafin zazzaɓi mai suna mefloquine na iya kawo mugayen mafarkai, da firgici, da gane-gane, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi ƙarfi a 2013, kuma ba a ba wanda ya taɓa ciwon damuwa. Sai kuma wanda ya saba shan giya kullum a tudu, jirgi ya tashi ta yanke masa. Karkarwa da gumi kan fara cikin awa 6 zuwa 24, ruɗewa da gane-gane a rana ta biyu ko ta uku, kuma jijjiga na iya zuwa, abin har ya kashe shi. Wannan na buƙatar diazepam, maganin kwantar da jijiyoyi, da sinadarin thiamine bisa umarnin likita, ba tsarewa a ɗaki ba. Shi ya sa tambayar shaye-shaye ta fi amfani kafin a ɗaga anga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In ya tabbata ciwon damuwa ne, malamin asibiti na iya yin abubuwa da yawa in an horar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa mai suna mhGAP a 2008 musamman don ma'aikatan lafiyar da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, kuma littafinsa ya dace da jirgi kamar don shi aka rubuta. Mai ƙaramin ciwo ba ya buƙatar ƙwaya. Zama na minti 30 sau ɗaya a mako, a warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, a mayar da shi ga motsa jiki da cuɗanya da mutane, ya isa farawa. Mai matsakaici ko mai tsanani, littafin ya ce a fara maganin damuwa mai suna fluoxetine, miligiram 10 na mako ɗaya, sannan 20 a kullum. A nan abubuwa huɗu kan lalace. Na farko, ba a gaya wa mutum cewa maganin kan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsa, alhali tashin zuciya da ciwon kai tun kwanakin farko suke zuwa, sai ya watsar a rana ta biyar. Na biyu, ba a tambayarsa ko ya taɓa yin kwanaki ba barci, ga surutu, ga ɓarnar kuɗi, ga jin ya fi kowa; mai irin wannan tarihi in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, zai iya tashi ya birkice. Na uku, 'yan ƙasa da shekara 25, waɗanda su ne suka cika jiragen yaƙi, tunanin kashe kai na iya ƙaruwa musu a makonnin farko, don haka a riƙa ganinsu kowane mako. Na huɗu, ana dainawa da an ji sauƙi, bayan kuwa ya kamata a ci gaba wata 9 zuwa 12. Wannan na nufin mai kula da sito ya lissafa: tafiyar wata bakwai, mutum ɗaya na buƙatar ƙwaya sama da 200, kuma dole a ƙara da rara don waɗanda za su fara a hanya. Ba abin da ya kai ban takaici irin a ce mutum ya fara samun kansa, magani ya ƙare a tsakiyar teku. Amitriptyline kuma, wani maganin damuwar, duk da arahar sa, a yi hattara da shi a jirgi: yana sa gyangyaɗi a bakin gadi, kuma in aka haɗiye shi da yawa yana tsayar da zuciya a inda babu ɗakin kulawa ta musamman.

Amma mu koma kan abin da muke gani ya fi komai, wanda kuma ba ya hannun ma'aikacin lafiya ko kaɗan, wato barci. Jikin ɗan Adam a kan awa 24 yake tafiya. Tsohon tsarin gadi na awa 5 aiki, awa 10 hutu, yana mayar da ranar mutum awa 15, lokacin barcinsa na sauyawa kullum, kamar wanda ke tsallaka nahiya kowace rana bai taɓa sauka ba. Jiragen ƙarƙashin ruwan Amurka sun daɗe a kan rana mai awa 18 kafin su koma ta awa 24 a wajajen 2014. Jiragen saman ruwa kuwa sai da aka yi asara. A Yunin 2017 jirgin Fitzgerald ya yi karo a kusa da Japan, mutum 7 suka mutu. A Agustan shekarar jirgin John S. McCain ya yi nasa a kusa da Singafo, 10 suka mutu. Bincike ya lissafa gajiya a cikin dalilan, aka umarci jirage su koma jadawalin da ke bai wa kowa lokacin barci ɗaya tsayayye, irin awa 3 gadi, awa 9 hutu, sau biyu a rana. Wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, kuskurensa daidai yake da na wanda giya ta fara kamawa. Rashin barcin da ya daɗe kuma yana haifar da ciwon damuwa, yana ƙara tsananta wanda ke akwai, yana gajarta haƙuri tsakanin mutanen da ba su da inda za su gudu wa juna.

Yarjejeniyar 2006 ta ba ma'aikatan jiragen kasuwa mafi ƙarancin hutun awa 10 a kowace awa 24, da awa 77 a mako, kuma kada a raba hutun fiye da gida biyu, ɗaya ya kai awa 6 a jere. Jiragen yaƙi ba sa ƙarƙashinta, amma babu abin da ya hana runduna ta ɗauki adadin ta mayar da shi umarni. Inda gizo ke saƙar shi ne takarda na cewa an huta, alhali an cusa atisaye, da taron safe, da goge-goge, da sanarwar lasifika a cikin awannin wanda ya kwana gadi. Gyaran ba ya cin kuɗi sosai: a ɗaga taro zuwa lokacin da rukunonin gadi ke haɗuwa, a kashe lasifika a ɗakunan kwana in ba gaggawa ba, a sa labule mai kauri a kowane gado, a raba abin toshe kunne, a ajiye abinci mai zafi don masu saukowa da tsakar dare. A kuma sa ido a kan kofi da lemon ƙara kuzari. Miligiram 400 na sinadarin kafin a rana shi ne iyakar da ake ba baligi, kuma rabin abin da aka sha yana nan a jini bayan awa biyar, don haka gwangwani biyu a ƙarshen gadi sun cinye barcin da ke biye. Mai bugun zuciya da fargaba, a tambaye shi gwangwani nawa kafin a rubuta masa magani.

Ranar da aka fi tsoro ita ce wadda wani ya ce ya gaji da rayuwa. A tambaye shi kai tsaye, da kalmar: kana tunanin kashe kanka? Tambayar ba ta dasa tunanin, bincike ya sha tabbatar da haka. Ma'aunin Columbia na auna haɗarin kashe kai, mai tambaya shida, na jagorantar wanda bai ƙware ba: ya yi fatan mutuwa, ya yi tunanin kashe kansa, ya yi tunanin ta yaya, yana da niyya, ya tsara, ya taɓa gwadawa ko ya fara shiri. In ya amsa e a kan niyya, ko tsari, ko yunƙuri cikin wata ukun da suka wuce, ba a barinsa shi kaɗai ko na minti ɗaya. A sa mai zama da shi, wanda yake jin daɗinsa in zai yiwu, a riƙa canji kowace awa biyu don mai gadin da ya gaji ba gadi yake ba. A cire sunansa daga jerin masu karɓar makami, a karɓe wuƙa da igiya da duk ƙwayoyin da ke akwatinsa har da paracetamol, a riƙa ba shi maganinsa na rana ɗaya-ɗaya, kada ya fita sararin jirgi, musamman ta baya da daddare. Hikimar ita ce, zafin niyyar sau da yawa na ɗan lokaci ne. In abin yi bai kusa ba, sai ya lafa. A zauna da shi a rubuta shirin kariya da hannunsa: alamun da yake ji in abin zai taso, abin da zai yi shi kaɗai ya huce, wurin da zai je ya zauna cikin mutane, sunayen mutum biyu a jirgin da zai tasa ko da ƙarfe uku na dare, lambar ma'aikacin lafiya, da abin da aka nisanta daga gare shi. Kulle shi a ɗakin horo, ko sa shi rantsuwa cewa ba zai yi ba, ba ya kare kowa. Na farkon ma yana koya wa sauran cewa faɗin gaskiya laifi ne.

Duk wannan yana buƙatar likita a ɗaya gefen waya. Ba sabon abu ba ne: cibiyar CIRM da ke birnin Rum na Italiya tun 1935 take ba jirage shawarar likita ta rediyo, kuma yarjejeniyar 2006 ta wajabta wa ƙasashe samar da irin wannan shawara kyauta, awa 24. Abin da ya rage shi ne a tabbata akwai likitan ƙwaƙwalwa a jerin masu ɗaukar kiran, da ganawa ta mako-mako tsakaninsa da malamin asibiti don duba duk waɗanda ke hannu. Ganawar mara lafiya da ƙwararre ta bidiyo tana aiki, amma ana yawan sayen na'ura a manta da ɗaki. In allon yana ofishin da mutum uku ke zaune, babu wanda zai yi magana. A ware ɗaki mai ƙofa, da abin sa wa a kunne, da awanni tsayayyu da aka keɓe wa layin tauraron ɗan Adam. A yi yarjejeniya tun farko: in bidiyo ya yanke a koma murya, in murya ta yanke a koma rubutu, kuma a farkon kowane zama ƙwararren ya san wa zai kira a cikin jirgin in abu ya ɓaci. Jirgin yaƙi kuma wani lokaci yakan kashe duk na'urorin sadarwarsa na kwanaki don kada a gano inda yake, saboda haka kowane mara lafiya ya kasance da rubutaccen shirin abin da za a yi a kwanakin shiru.

Bayan mummunan lamari, gobara ce, ko karo, ko tsamo gawarwaki, ko harin 'yan fashin teku, akwai al'adar tara kowa a da'ira a tilasta masa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji. A daina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a yi irin wannan zama, kuma kada a ba da ƙwayoyi dangin diazepam don firgicin watan farko. Yawancin mutane da kansu suke farfaɗowa in sun samu barci, da abinci, da sahihin bayanin abin da ya faru, da damar kiran gida. Tsarin TRiM da dakarun kundumbalar ruwa na Birtaniya suka ƙirƙiro ya fi dacewa: a horar da wasu daga cikin sojojin kansu, su zauna da wanda abin ya shafa bayan kamar kwana uku, su sake zama bayan wata ɗaya, su kwatanta. Wanda har lokacin yake mafarkin abin, yake kauce wa wurin, yake zabura da ƙaramin motsi, shi ake turawa ga ƙwararre, inda zama 8 zuwa 12 na jinyar magana da ta fuskanci lamarin kan taimaki mafi yawa.

Wani abin da ya saɓa wa zato: tsakiyar teku ba ita ce kaɗai wurin haɗari ba. A Afrilun 2022 sojoji uku na jirgin yaƙin Amurka George Washington suka kashe kansu cikin mako guda, alhali jirgin na tsaye a ma'aikatar gyara ta Newport News tun 2017. Ƙananan sojoji na kwana a jirgin da ake ta walda da ƙwanƙwasa, suna aikin da ba shi suka shiga soja don yi ba, har sai da aka kwashe ɗaruruwa zuwa masauki a tudu. Jirgin da ke gyara ana ɗaukarsa kamar yana hutu, sai a janye masa ma'aikatan lafiya a kai wa masu tafiya. Haka ma tsawaita tafiya ba tare da sanar da ranar dawowa ba. A 2020, lokacin annobar korona, ma'aikatan jiragen kasuwa wajen 400,000 suka maƙale a teku bayan kwantiraginsu ya ƙare, wasu sun wuce wata 11 da doka ta iyakance. Mutum na iya jure wata tara in ya san ranar sauka. Wata shida da ake ta ɗagawa ya fi karya shi.

Saura hanyar komawa, wadda ita ce za ta sa a yarda da duk abin da muka lissafa. Tun yaƙin duniya na ɗaya likitocin soja suka gane cewa wanda aka yi jinyarsa kusa da rundunarsa, da wuri, ana gaya masa cewa ana sa ran dawowarsa, ya fi komawa aiki a kan wanda aka kwashe zuwa nesa. Saboda haka kwashe mutum da jirgi mai saukar ungulu ya zama na wanda ransa ke cikin haɗari, ko ya fita hayyacinsa, ko ciwonsa ya fi ƙarfin ɗakin magani. Sauran a rage musu aiki na kwanaki ƙidayayyu, a rubuta ranar sake dubawa. Wanda dole aka sauke, a sa masa ɗan rakiya har ƙofar asibiti, takardarsa ta riga shi isa, a ba shi ganawa cikin kwana bakwai da sallamarsa, domin makonnin farko bayan fita asibiti su ne mafi haɗari. Rundunar ruwan Amurka na da shirin da ke bibiyar irin wannan mutum har kwana 90. Kada a yanke masa alawus a watannin jinya, kada a cike gurbinsa na dindindin kafin kwamitin likitoci ya zauna. Sannan kowace runduna ta riƙa fitar da adadi uku duk wata uku, ba tare da suna ba, a manna su inda kurata za su gani: kwana nawa ake jira daga neman ganawa zuwa samunta, mutum nawa cikin waɗanda suka zo sau ɗaya suka dawo karo na biyu, da mutum nawa cikin waɗanda aka yi wa jinya suka koma jirginsu da muƙaminsu.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wasu ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, masu bibiyar al'amuran ma'aikatan teku